Tashi Ki Ci: Yadda Na Sa Wa Ciwona Suna Azumi

Salama a gare ku cikin sunan Yesu. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Sakkwato, kuma sana'ata ita ce gane yunwa a jikin mutum. A sashen yara masu tamowa nake aiki. Idan aka kawo yaro, zaren awo mai launi uku nake naɗa masa a dantse. In ya nuna ƙasa da santimita 11.5, ya faɗa ja ke nan. Sai in danna babban yatsana a bayan ƙafarsa na daƙiƙa 3, in wurin ya lotsa bai dawo ba, akwai kumburi. Ko daga barci aka tashe ni zan yi wannan ba kuskure. Duk da haka na yi wata 15 yunwa tana cin jikina ban gane ta ba, saboda sunan da na sa mata shi ne azumi.

Ni ce 'yar fari a cikin mu shida. Aikin gwamnati ya kawo Baba Sakkwato daga ƙasar Zuru, a nan aka haife mu duka. Duk wadda ta taɓa zama 'yar fari a gida mai ƙaramin albashi ta san tsarin: ke za ki tuƙa, ke za ki raba, ke za ki ci a ƙarshe, in ƙanzo ya rage. Ba wanda ya zalunce ni. Yabo ma nake sha. "Wannan yarinya ba ta gajiya," haka matan ikilisiya suke faɗa wa Mama, ni kuwa ina ji ina kumbura. Tun ina ƙarama na ɗauka cewa darajata tana cikin abin da na iya jurewa.

Da Baba ya yi ritaya, kuɗin makarantar ƙannena uku ya dawo wuyana. Aikin asibiti kashi uku ne, safe, rana, dare, kuma na dare yakan kai awa 11 ko 12. In na tashi aikin safe, sai in hau kabu-kabu zuwa wani kemis inda nake zama har ƙarfe 9. Ga ikilisiya: Talata koyon waƙa, Laraba addu'a, Alhamis Zumuntar Mata inda nake riƙe da littafin kuɗi, Asabar shirin darasin makarantar Lahadi, Lahadi kuma daga safe har azahar. Muƙami biyar. Mu Kirista a garin nan ba mu da yawa, don haka duk wanda aka ga yana da hannu, kaya ake ɗora masa, shi kuma yana jin kunyar cewa a'a, sai ka ce Allah zai ce wa a'a.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin gajiyar da aiki ke jawowa, wadda barcin dare ɗaya ba ya warewa, ta ce alamunta uku ne: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta janye daga aikin har mutum ya fara ƙinsa, sannan ingancin aikin ya faɗi. Ta farko kowa ya san ta. Ta biyu ce abin tsoro, kuma ba a faɗarta a coci. A daminar 2020, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓin cizon sauro ya haɗu da tamowa, gadajenmu suka cika har ana kwantar da yara biyu a gado ɗaya, wata yarinya ta rasu a hannuna da asuba. Uwarta tana kuka, ni kuwa abin da ya zo mini a rai shi ne an samu gado. Na tsaya ina jiran baƙin ciki ya zo, bai zo ba. Na koma gida na ce wa kaina na yi sanyi a ruhaniya, maganinsa kuma ƙarin addu'a da azumi.

A Janairun 2021 ikilisiyarmu ta yi azumin farkon shekara, kwana 21, daga safe zuwa ƙarfe 6 na yamma. Dama na saba barin karin kumallo saboda sauri. Abin da na tarar a cikin azumin nan shi ne shiru. Damuwar kuɗi ta lafa, fushi ya lafa, kaina ya yi sakayau. Na ɗauka salamar Ubangiji ce. Yanzu na san cewa yunwa mai tsawo tana dusashe ji, mai daɗi da marar daɗi duka, kuma ga wanda komai ya kuɓuce masa, cikinsa shi ne abu ɗaya da yake iya mulka. Da kwana 21 suka cika kowa ya koma cin abinci, ni na ci gaba.

Daga nan dokoki suka fara haihuwa. Ba ci kafin ƙarfe 6. Sai ba mai. Sai ba nama. Sai ba ci a gaban mutane. In na yi wa marar lafiya tsawa, ranar babu abincin dare, wai horo. Bayan kwana huɗu ko biyar jiki yakan ƙwace linzami: in tashi tsakar dare in cinye duk abin da na samu a tsaye, cikin duhu, da sauri kamar ɓarauniya. Gari ya waye in durƙusa in tuba da hawaye, in ƙara wa kaina kwanakin azumi. Wannan shi ne zoben da ke riƙe mutum. Hana kai ne ke haifar da cin haɗama, cin haɗama ya haifi kunya, kunya ta koma ta ƙara hana kai. Ni kuwa ina can ina yaƙi da "zunubin haɗama", alhali tushen yana wajen da nake kira tsarki.

Daga baya likita ya ba ni labarin wani gwaji da aka yi a Jami'ar Minesota ta Amurka a 1944 zuwa 1945. Maza 36 masu ƙoshin lafiya suka yarda aka rage musu abinci na wata 6, har suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Sai ga su ba su da zance sai na abinci, suna tara takardun girki, suna fushi, suna guje wa mutane, da aka sake su kuma wasu suka riƙa ci ba tsayawa. Ba aljani, ba raunin bangaskiya. Abin da yunwa ke yi wa ƙwaƙwalwar kowa ke nan. Da na ji wannan na yi kuka, don duk abin da na yi ta tuba a kansa yana cikin jerin.

Ba zan faɗi nauyin da na kai ba. Mai irin wannan ciwo in ya ga lamba, gasa yake mai da ita, na san haka domin na yi. Alamun dai ga su. Sanyi nake ji a watan Afrilu, a Sakkwato, lokacin da zafi ke haura digiri 40 mutane suna kwana a tsakar gida. Gashina yana bin mataji. Al'adata ta ɗauke. In na miƙe tsaye sai duhu ya rufe mini ido. Ciki ya ɗaure. Bencin coci ya zama azaba saboda ƙashi na taɓa katako. Bugun zuciyata, wanda ya kamata ya kasance tsakanin 60 da 100 a minti, ya sauko 40 da 'yan kai. Awon nauyi da tsawo, wato a raba kilo da tsawon mutum na mita sau kansa, ya faɗi ƙasa da 18.5 tun da daɗewa.

A ƙasarmu rama ba ado ba ce, don haka kowa ya kawo nasa bayani. An yi mini gwajin ƙanjamau sau biyu, na tarin fuka, na suga, na maƙoƙo, duk babu. Wata gwaggo ta aiko da sha-ka-fashe. (Ina roƙon mata, ku bar magungunan nan, wasunsu ruwa suke tara wa jiki, su tayar da suga da hawan jini, ba ƙiba ta lafiya ba ce.) Wata ta ce jifa ne daga wurin aiki. A coci kuwa misali ake bayarwa da ni, wai ga 'yar'uwa mai naciya a gaban Allah. Ban ga laifinsu ba. Abin da na nuna musu suka gani.

A Afrilun 2022 na yanke jiki na faɗi a bakin gadon wani yaro, da kofin madararsa a hannuna. Watan azumin Musulmi ne. Shugabar sashenmu, wata Hajiya da ta kusa haifata, ita ta sa aka kwantar da ni a ofishinta. Da na farfaɗo ta rufe ƙofa ta ce, "Ɗiyata, mi yas same ki?" Na ce, "Hajiya, azumi nake." Ta dube ni ta ce ita ma azumi take, amma ta yi sahur, da magariba za ta sha ruwa, bayan kwana 29 ko 30 kuma za a yi salla a ci a sha. Ta ce a addininsu an ɗauke wa marar lafiya azumi, ba ta kuma yarda namu ya rasa wannan rahama ba. Sai ta tambaye ni, "Naki yaushe zai ƙare?" Ban da amsa. Ranar ce farkon da na lura azumina ba shi da ranar ƙarewa.

Likitan da ya duba ni ya auna hawan jinina a kwance da a tsaye, ya sa aka ɗauki hoton bugun zuciya, aka auna gishirin jini: fotasiyam, fosfet, magnesiyam, da suga. Fotasiyam ɗina ya sauka ƙasa da 3.5, wanda shi ne bakin iyaka. Ya rubuta mini takarda zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Ɗan Sakkwato ya san nauyin wannan suna. Da shi ake tsokanar mutum in ya yi shirme. Sati biyu takardar tana cikin Littafi Mai Tsarkina kafin in je, kuma ƙanwata ce ta raka ni. A can aka kira ciwon da sunansa, anoreksiya, irin wadda ake hana kai sannan a ɓarke da ci. Na ce wa likitan ai wannan ciwon 'yan matan Turawa ne masu son siranta, ni ban taɓa damuwa da ƙiba ba. Ya ce to, in haka ne, sai in ƙara kilo 5. Nan take na ji tsoro ya kama ni har tafin hannuna ya jiƙe. Bai ƙara cewa komai ba.

Abu mafi haɗari shi ne makon farko na komawa cin abinci, kuma a nan iyali masu ƙauna suke kuskure. Mama ta zo da kwano shaƙe da tuwon shinkafa ta ce sai na cinye. Da na yi, da zai iya kashe ni. Jikin da ya daɗe cikin yunwa, in aka dira masa abinci mai yawa, insulin, sinadarin da ke sarrafa suga a jiki, yakan tashi ya kwashe fosfet da fotasiyam da magnesiyam daga jini ya tura su cikin ƙwayoyin jiki, sai zuciya ta rikice, numfashi ya gagara, wani har da farfaɗiya. Abin kunyar, wannan shi ne darasin da nake koya wa sababbin ma'aikata. Shi ya sa ba ma fara wa yaro mai tsananin tamowa da madarar jinya mai ƙarfi ta F-100, sai mai sauƙi ta F-75 mai kalori 75 a kowane mililita 100, kaɗan-kaɗan, kowane awa 2 ko 3, har jiki ya daidaita. Haka aka yi mini. Bitamin B1 tun kafin a ƙara abinci, gwajin jini a kai a kai cikin kwana 10 na farko, ana ƙara ci mataki-mataki. Wanda ya rame sosai ko ya yi kwanaki bai ci abin kirki ba, kada ya fara wannan a gida shi kaɗai. Suma, bugun zuciya ƙasa da 50 ko mai tsalle-tsalle, ciwon ƙirji, ko tunanin kashe kai, duk na asibiti ne a ranar, ba na jiran Lahadi ba.

Bayan an wuce wannan, maganin ya zama abin da ya fi komai gundura: agogo. Ci sau shida a yini, manya uku, ƙanana uku, kada tsakani ya wuce awa 3 zuwa 4. Ba a jiran yunwa, don ma'aunin yunwar ya lalace. Nawa ya kasance haka: ƙarfe 7, kunun gyaɗa kofi babba da ƙosai 5 ko ƙwai 2. Ƙarfe 10, madara kofi ɗaya da gyaɗa cikin tafin hannu. Ƙarfe 1, shinkafa da wake da mai, faranti irin wanda ƙanwata ke ci, ita ke zubawa ba ni ba. Ƙarfe 4, fura da nono. Ƙarfe 7, tuwo malmala ɗaya da rabi da miya mai nama ko kifi. Kafin barci, dabino 3 da madara. Abin da ake nema rabin kilo a mako. Minti 30 ake ba ni in gama, wani yana zaune tare da ni, sannan a zauna da ni awa ɗaya bayan ci, domin lokacin ne muryar zargi ta fi ƙarfi. In na ɓarke da ci da dare, dokar ita ce ƙarfe 7 na safe in karya kamar kullum. Ba ramuwa. Wannan doka ɗaya ita ta karya zoben, cikin wata biyu cin dare ya ragu sosai.

Akwai abubuwan da suke sa mutane su koma baya, gara a san su tun wuri. Cikin da ya daɗe ba aiki yana jinkirin sauke abinci, don haka loma biyar sai ka ji kamar ka ci na biki. Yakan ɗauki makonni kafin ya saki. Ƙafafu kan kumbura, sikeli ya yi tsalle da kilo 2 cikin 'yan kwanaki, ruwa ne ba kitse ba. Shi ya sa ake awo sau ɗaya a mako, a asibiti, sikelin gida kuma aka kai shi gidan maƙwabta. Nauyin farko a ciki da fuska yake taruwa kafin ya bazu. Sai kuma gaisuwa. A wurinmu "kin yi ƙiba, kin murmure" yabo ne, amma a kunnen mai wannan ciwo kamar an watsa masa ruwan zafi ne. Na roƙi 'yan gidanmu su bar zancen jikina gaba ɗaya, mai kyau da marar kyau. Mama ta fi kowa shan wuyar wannan.

Na fi jin tsoron fasto fiye da likita. Na zaci zai ce in ƙara bangaskiya, don wani mai addu'a ya riga ya ce mini ruhu ne, a yi azumin kwana uku a kore shi. Ku duba fa, azumi a matsayin maganin wadda azumi ke kashewa. Faston namu da matarsa suka saurare ni har na gama. Sai ya buɗe 1 Sarakuna sura 19. Iliya ya gama babban aiki a Dutsen Karmel, ya gudu jeji, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi mutuwa. Allah bai yi masa wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya taɓa shi ya ce ya tashi ya ci, ga gurasa ga tulun ruwa. Ya ci ya koma barci. Mala'ikan ya sake tashinsa ya ci, don tafiyar ta fi ƙarfinsa. Sai bayan wannan Allah ya yi magana da shi a Horeb. Fasto ya ce, "'Yata, ke a tsakanin barci na farko da na biyu kike. Na hana ki azumi har likita ya sake ki, in kuma akwai laifi a ciki, a kaina."

Daga nan na fara ganin abin da na karanta sau ɗari ban gani ba. A Markus 5, da Yesu ya ta da 'yar Yayirus, umarnin da ya bayar shi ne a ba ta abinci. A Markus 6:31 ya janye almajiransa su huta domin mutane sun yi yawa har ba su samun sukunin cin abinci. A Kolosiyawa sura 2 Bulus ya ce dokokin kada ka taɓa, kada ka ɗanɗana, da gallaza wa jiki, suna da kamannin hikima amma ba su da amfani wajen hana sha'awar jiki. Ban daina gaskata azumi ba. Amma na koyi bambanta shi da ciwo, kuma tambayoyin ba su da wuya. Yana da ranar ƙarewa? Kana iya buɗe baki da godiya, ko da tsoro? In dattijo ya ce ka karya yau, za ka iya? Yana sa ka tuna Allah da maƙwabci, ko tunanin abinci ne ya cika maka kai tun safe? Nawa ya faɗi a duka huɗun.

Sai aiki, don in ba a taɓa shi ba abincin ba zai zauna ba. Dokar ƙwadago ta ƙasa ta ambaci hutun rashin lafiya na kwana 12 na aiki a shekara da albashi, in likita ya ba da shaida, amma takardar ɗaukar aikinka ita za ka fara dubawa. Na haɗa nawa da hutun shekara na samu mako 6. Da na dawo Hajiya ta cire ni daga aikin dare na wata 4. Kemis na bar shi, kuɗin shigata ya ragu sosai, dole na zaunar da ƙannena na buɗe musu lissafi. Ɗaya ya jinkirta karatu shekara guda. Ban ce bai yi zafi ba. Har yau in na tuna fuskarsa a ranar raina yana sosuwa. A ikilisiya na ajiye muƙami huɗu na riƙe waƙa kawai. Shawarar Yetro ga Musa a Fitowa 18 ita ce ta ba ni bakin magana: aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, a raba shi. Littafin kuɗin da na zaci zai watse in ba ni, wata 'yar'uwa ta karɓa ta fi ni iyawa, abin da ya ɗan ɓata mini rai, in faɗi gaskiya. Na kuma gane cewa ga mai hidima Lahadi ba ranar hutu ba ce, don haka ranar da ba ni da aiki a mako na keɓe, ba taro, ba ziyara, waya a kashe daga ƙarfe 9 na dare.

Na koma baya sau ɗaya, a Janairun 2023. Ana sanar da azumin shekara na ji tsohuwar murya tana cewa kwana uku kawai, ai kin warke. Kwana ukun suka zama sati biyu kafin ƙanwata ta lura ina ɓoye furar ƙarfe 4. Aka koma jadawali daga farko. Al'adata ta dawo bayan kusan shekara guda da fara jinya. Jin zuciya ma ya dawo, kuma bai zo da daɗi ba: wata rana ina wanke hannu a sashe, sai kukan rashin yarinyar nan ta daminar 2020 ya zo mini, bayan kusan shekara uku.

Har yanzu ba a sake ni in yi azumin abinci ba, wataƙila ma ba za a sake ni ba. In Janairu ya zo ina zuwa addu'ar yamma tare da kowa, abin da nake bari shi ne Facebook da WhatsApp. Ƙarfe 10 na safe kuwa, ana tsakiyar azumi, nakan zauna a bayan sashe in sha madarata, wani lokaci muryar tana nan tana zagina, in yi addu'ar godiya a kan kofin in shanye. In uwa ta kawo yaro, bayan na gama auna dantsensa nakan tambaye ta ita yaushe rabonta da abinci. Da yawa sai su yi dariya su ce ba su suka zo asibiti ba. Nakan sa a kawo musu kunu, in tsaya har su fara sha.